Indararon da na sa aka yi mini a Katako

Gidanmu na Bukoki rufin kwano ne, bangon kuma na laka da aka shafe da siminti. Duk damina ruwan da ke zubowa daga bakin kwano sai ya ci gindin bango. Bayan ambaliyar da muka gani a Yamai a watan 8 na 2024, na ce ba zan ƙara shiga damina a haka ba. A watan 5 da ya biyo baya na je kasuwar Katako wajen wani mai aikin kwano, muka shirya a kan jika 45: indararo mai mita 9 da tiyo guda da zai sauko da ruwa ƙasa.

Ruwan farko na kirki da dare ya zo. Kun san hadarinmu, sai iska ta gama watsa ƙura da rairayi kafin ɗigo ya sauka. Rairayin nan da ganyen dogon yaro suka cushe bakin tiyo, gashi dama siriri mai aikin ya sa mini. Indararon kuma bai karkata shi wajen tiyon ba, tsakiya ta lotsa, ruwa ya taru ya koma ƙarƙashin kwano. Ƙarfe biyu na dare Inna ta buga mini ƙofa: "Tashi, ɗakina ya zama tafki." Katifarta ta jiƙe sharkaf, buhun hatsin da aka aiko mata daga Tawa yana tsaye cikin ruwa. Tsohuwa mai ciwon ƙafa, ita ce da tsintsiya har asuba. Wallahi ranar ban iya karyawa ba don ɓacin rai.

Gaskiya da na kira mai aikin bai yi gardama ba. Ya ce, "Alhaji, laifina ne." Ya zo da yaronsa, ya ƙara ƙarafan riƙo, ya gyara karkatar, ya canza tiyo babba, ya sa raga a baki, ko dala bai karɓa ba. Tun daga nan ruwa huɗu aka yi, bango a bushe. A nan kam na yaba masa.

Amma fa wanda ya shekara yana wannan sana'a, a ce bai zuba ko bokiti ɗaya ya gwada ba kafin ya sauko daga tsani? Rabin hatsin nan ya yi funfuna, kaji muka ba. Kuma har yau in hadari ya haɗo, Inna sai ta naɗe shimfiɗarta ta dawo falo.