Kwas ɗin lean da aka yi mana a wurin aiki: ya biya kuɗinsa, amma da sharaɗi

Jama'a ga ra'ayina a kan kwas ɗin lean (tsarin rage ɓarna a wurin aiki) da kaizen (gyara aiki kaɗan-kaɗan a kai a kai) da ake yi wa ma'aikatan masana'anta, tunda naga mutane da yawa suna tambaya ko yana da amfani ko dai takarda ce kawai. Ni dai na yi shi, kamfaninmu ne ya ɗauko wasu masu ba da horo daga waje suka yi mana, a ƙarshe aka yi jarrabawa aka ba mu satifiket na matakin farko wanda suke kira yalon bel. A taƙaice kwas ne mai kyau kuma zan ce wa duk wani ofareta ko sufabaiza ya shiga in ya samu dama, amma ba duka ɓangarorinsa ne suka gamsar da ni ba, kuma akwai magana a kan ita kanta takardar.

An fara da aji. Malamin ya ba mu tarihi daidai gwargwado, cewa tsarin daga kamfanin Toyota na Japan ya fito bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da ba su da kuɗin tara kaya a sito kamar kamfanonin motocin Amurka, shi ne wani injiniyansu Taiichi Ohno ya dage a kan a riƙa ƙera abin da ake buƙata kawai, a lokacin da ake buƙatarsa, daidai yawan da ake buƙata. Ohno ɗin ne ya lissafa ɓarna iri 7 da ke cinye masana'anta, wato ƙera abin da ya wuce buƙata, zaman jira, yawo da kaya daga nan zuwa can, aikin da ya wuce abin da kwastoma ya nema, tara kaya, motsin jiki mara amfani, da kuma kayan da suka fito da matsala. Kowa zai iya haddace wannan a cikin minti biyar, kuma da a nan aka tsaya da sai in ce ɓata lokaci ne.

Inda kwas ɗin ya fara ma'ana shi ne da aka fitar da mu daga aji aka kai mu bakin layin da ake ƙera kaya. Aka ce kowa ya tsaya a wuri ɗaya da biro da takarda, kar ya taimaka wa kowa, kar ya gyara komai, ya kalli aikin abokinsa kawai ya rubuta abin da ya gani. Wallahi abin mamaki ne, aikin da kake yi kullum har ka daina ganinsa, sai ga shi kana ganin mutum yana sunkuyawa ya ɗauko kwali daga ƙasa a kowane zagaye, wani ya bar injinsa ya tafi neman sifana a wani sashen saboda guda ɗaya ce ake rabawa, wani kuma yana tsaye hannu rungume yana jiran na gabansa ya gama alhali bayansa kaya sun taru sun yi tsibi. Babu malalaci a cikinsu fa, kowa gumi yake yi, yadda aka shirya wurin ne ke gajiyar da su a banza. Kuma na ji daɗin yadda malamin ya hana a rubuta sunan kowa a takardar, matakin aikin kawai ake rubutawa, don da an sa suna da shi ke nan babu wanda zai ƙara sakin jiki.

Daga nan aka koya mana lissafin takt, wanda shi ne saurin da ya kamata layi ya riƙa tafiya a kai. Lissafi ne mai sauƙi, ka ɗauki lokacin aikin da kake da shi ka raba da yawan kayan da kwastoma ke so. Misali in bayan an cire hutu kana da minti 450 a shifti kuma ana son kaya 450, to kowane minti ɗaya dole abu ɗaya ya fito, duk matakin da ke cin fiye da minti ɗaya shi ne ke riƙe layin, kuma ƙara wa sauran sauri ba abin da zai haifar sai tarin kaya a gabansa. Ni wannan ne darasin da ya fi zauna min, don da yawanmu mun taso da tunanin in inji ya tsaya an yi asara, in yana gudu an ci riba, ko da abin da yake fitarwa ba a buƙatarsa yanzu.

5S kuma, wato matakai biyar na tsara wurin aiki, an yi shi a aikace, ba laifi. Ware abin da ba a amfani da shi a fitar, ba kowane abu mazauninsa, share wuri kana duba inji a lokaci guda, a mai da hakan ƙa'ida, sannan a ɗore a kai. Abin da ya burge ni shi ne ba su sayar mana da shi a matsayin shara da goge-goge ba, sun nuna cewa in ƙasan inji tsaf yake to ranar da mai ya fara ɗiga za ka gani tun bai zama gyara babba ba.

Sai ɓangaren canjin saiti, wato lokacin da ake tsayar da inji don a koma wani samfurin. Dabarar Shigeo Shingo ce, ana kiranta SMED, burinta a mai da canjin ƙasa da minti 10, kuma sirrinta bai wuce ka raba aikin gida biyu ba, wanda dole sai inji ya tsaya, da wanda za a iya shiryawa tun inji na gudu. Mu da muka zauna muka lissafa sai muka ga abubuwa da yawa da muke yi bayan an kashe inji, kamar ɗauko kayan aiki da nemo takardar saiti, babu abin da ya hana a yi su tun kafin a kashe. Wannan mun gyara shi ba tare da an sayi komai ba.

To yanzu ga inda ban gamsu ba. Sun cusa Six Sigma a ciki a gurguje, wanda shi asalinsa daban ne, daga kamfanin Motorola ya fito a 1986 kuma ya dogara ne sosai a kan ƙididdiga, burinsa kuskure kar ya wuce 3.4 a cikin miliyan. Abu ne mai amfani a wurinsa amma ka tara mutanen da suka fito daga shiftin dare ka riƙa watsa musu zane-zanen lissafi a allo da sauri, rabin ajin barci suke yi, ni ma kaina ban ɗauki abin kirki ba a wannan zaman. Da sun bar mu da tambayar "me ya sa" sau biyar da zanen ƙashin kifi na gano tushen matsala, sun ba mu lokaci mun yi ta gwadawa a kan matsalolinmu na gaske, da ya fi. Littafin da aka raba ma cike yake da kalmomin Japananci da gajerun haruffa, ga misalan duk na haɗa mota ne, wanda ke aiki a wurin cika kwalba ko ɗinki sai ya sha wahala kafin ya ga inda abin ya shafe shi.

Maganar satifiket kuma dan Allah a kula sosai. Babu wata hukuma guda ɗaya a duniya da ke da ikon waɗannan bel ɗin, yalo ne ko kore ko baƙi, kowane kamfanin horo zai iya buga nasa, shi ya sa za ka ga mutum biyu da koren bel amma ɗaya ya jagoranci aikin gyara na gaske, ɗayan bidiyo kawai ya kalla a intanet ya amsa tambayoyi. Akwai ƙungiyoyin da aka fi sani kamar ASQ ta Amurka, wadda ke neman shekara 3 na gogewar aiki kafin ka zauna jarrabawar koren bel ɗinta, da IASSC wadda jarrabawa kawai take dubawa. Kafin ka sa kuɗinka ka tambaya wa zai ba da takardar, kuma ko kwas ɗin na buƙatar ka yi furojet a wurin aikinka. Namu ya buƙata, ƙaramin furojet ne na rukuni aka zo aka duba a bakin injin, kuma wannan ne ya sa nake ganin takardar da daraja, don in aka tambaye ni a intabiyu ina da abin da zan nuna na ce ga yadda yake da, ga yadda ya koma.

Akwai wata tambaya da wani dattijo a cikinmu ya yi wadda har yanzu nake ganin ita ce mafi nauyi, ya ce in muka rage ɓarnar nan aikin mutum biyar ya koma na huɗu, ina na biyar ɗin zai je? Malamin bai kauce ba, ya ce wannan ba shi zai amsa ba, shugabannin kamfani ne, kuma duk inda aka yi amfani da kaizen aka sallami mutane to daga ranar babu ma'aikacin da zai sake kawo shawara. Ya kawo misalin masana'antar NUMMI a Kalifoniya wadda Toyota da kamfanin motocin Amurka General Motors (GM) suka buɗe tare a 1984, inda aka dawo da yawancin tsofaffin ma'aikatan GM na wurin, aka tura wasu Japan suka koyo aiki, aka ba kowa damar jan igiya ya tsayar da layi in ya ga matsala, kuma ingancin motocin ya tashi sosai da mutanen nan dai da ake cewa ba sa jin magana. Gaskiyar da ya faɗa ta ƙara min yarda da shi, amma kuma ta nuna iyakar kwas ɗin, don shi kwas ba zai iya sa manaja ya daina yi maka tsawa in ka tsayar da inji ba.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a tura ofaretoci kaɗai a bar sufabaizoji da manajoji a ofis. A namu sufabaizojin shifti sun zauna tare da mu, shi ya sa abubuwan da muka kawo kamar matso da teburin kayan aiki da yin allon rataye sifanu aka amince nan take, waɗanda ke buƙatar sa hannun na sama kuma har yanzu muna bi. In kai kaɗai za ka biya wa kanka don neman ƙarin girma ko sabon aiki, ka fara da matakin farko, ka zaɓi wanda ke da furojet, kuma ka yi magana da sufabaizanka tun kafin ka yi rajista don ya ware maka inji ko matakin aiki ɗaya da za ka gwada abin a kai.