Fiɗar wuya a sankarar baki: ƙarama, babba, ko a jira?

Hajiya, kin tambayi dalilin da likita zai buɗe wuyan ƙanenki alhali sankarar a gefen harshe take, kuma ba a ji kaluluwa ba. Allah ya ba shi lafiya.

Sankarar baki ta kaluluwar wuya take fara yaɗuwa. Likitoci sun kasa gefen wuya gida 5: na 1 ƙarƙashin haɓa da muƙamuƙi, na 2 zuwa 4 suna bin babbar jijiyar jini daga sama zuwa ƙasa, na 5 can baya. Ko hannu da sikana ba su gano komai ba, a mutum 2 zuwa 3 cikin 10 cutar ta riga ta ɓuya a ciki.

Irin ƙanenki ƙaramar fiɗa ake yi masa: a kwashe gida na 1 zuwa 3, wani lokaci har da na 4, a bar tsoka da jijiyoyi. Asibitin Tata na Mumbai a Indiya ya kwatanta ta da zaman jira, sakamakon ya fito a 2015: bayan shekara 3, kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka yi wa suna raye, na masu jira kashi 67.5. Jira kuwa na buƙatar duba akai-akai, abin da ke da wuya ga mai zuwa Maraɗi daga ƙauye. Mu dai ba ma son sa.

In kaluluwa ta riga ta kama, galibi sai a kwashe gida 5 ɗin duka, amma a tsirar da jijiyar kafaɗa, da babbar tsokar wuya, da jijiyar jinin, gwargwadon iko. Tsohuwar babbar fiɗar da likitan Amurka George Crile ya bayyana a 1906 tana kwashewa har da waɗannan ukun. Yau sai cutar ta manne musu ake yin ta, domin kafaɗa kan zube, ɗaga hannu ya gagara.

Ko ƙaramar ma tana da illa. Leɓen ƙasa kan karkace in an taɓa jijiyarsa, kuma fiɗa a gida na 4 ta hagu kan huda wata hanya mai zubo ruwa fari kamar madara.

Ku nemi sakamakon gwajin abin da aka cire: a ƙirga kaluluwa aƙalla 18. In cutar ta fasa ɓawon kaluluwa, ana haɗa gashin na'ura (ƙona sankara da haske) da allurar maganin sankara mai suna cisplatin, a fara cikin sati 6 bayan fiɗa. Gashin a Yamai ake yi, don haka ku nemi ranar tun kafin a sallame shi.