Faifan Fim: Bugu na Musamman ko na Gama-gari?

Sau da yawa faifan da ke cikin kwalin ƙarfe mai tsada shi ne wanda ke cikin kwalin roba na gama-gari, hoto ɗaya, sauti ɗaya. Ƙarin kuɗin na zanen bango ne da ɗan littafi da katunan hotuna, waɗanda bayan mako guda suke komawa kan kanta suna shan ƙura, don haka mai son kallo kawai bugun gama-gari ya ishe shi. Lamarin ya bambanta idan kamfani irin Criterion na Amurka, wanda aka kafa a 1984, ya gyara tsohon fim daga asalinsa, ya goge tabo da karce, ya haɗa da sharhin darakta. A ganina wannan ya cancanci kuɗinsa.