WS2812B ko WS2815? Ga yadda suke gefe da gefe, da yadda ake jona su a gwada

Salam ƴan uwa. Ɗan uwanmu ya tambaya cewa yana so ya zagaye bakin rufin gida da fitilar LED irin wadda kowane ƙwai yake canza kalarsa shi kaɗai, tsawon wajen mita 15, mai ƙwai 60 a kowace mita, ya rasa wanne zai ɗauka tsakanin WS2812B da WS2815, kuma yana da ESP32 a hannu, wato ɗan allon kwantirola mai ba fitilar umarni, yana so ya san yadda zai jona ya gwada. Toh Malam amsar a taƙaice ita ce WS2815 don irin wannan aikin naka, amma bari in warware dalili saboda akwai wurin da ɗayan ya fi shi, kar wani ya karanta ya je ya saya don ɗan aikin mita ɗaya.

Su biyun kamfani ɗaya ne ya ƙera cif ɗinsu, Worldsemi, kuma yarensu ɗaya ne, wato data tana shiga ta waya guda, ƙwai na farko ya ɗebi bit 24 nasa (8 na kore, 8 na ja, 8 na bulu) ya miƙa sauran ga na gaba, haka har ƙarshe, kamar mutane a layi suna miƙa wa juna bokiti. Shi ya sa akwai kibiya a jikin tef ɗin, data bata komawa baya, in ka jona ta wajen DO (mafitar data) maimakon DI (mashigar data) ko ƙwai ɗaya ba zai kama ba kuma babu abinda ya lalace, juyawa kawai zaka yi. Bambancinsu yana wajen wuta ne da kuma abinda ke faruwa in ƙwai ɗaya ya mutu.

Wuta tukunna, don nan ne duk rigimar take. WS2812B 5V yake ci, kuma in ka kunna fari a cikakken haske ƙwai ɗaya yana iya jan kusan 60mA, WLED ma, manhajar da ake saka wa ESP32 don sarrafa fitilar, 55mA yake lissafa masa. Kai kuma ƙwai 900 kake da su, 15 sau 60 kenan. Ninka 900 da 55mA kaga ka kusa amp 50. Amp 50 fa, ba wasa ba, wannan sai waya mai kauri sosai da katon fawa saflai, kuma siririn jan ƙarfen da ke cikin tef ɗin ba zai iya ɗaukar ko kusa da hakan daga baki ɗaya ba. WS2815 kuwa 12V ne, WLED yana lissafa masa 12mA kowane ƙwai, 900 ɗin zasu tashi wajen amp 11, in ka samu fawa saflai mai amp 15 ka bar masa sarari ya huta.

Abinda yasa wannan ke da muhimmanci shine wuta tana raguwa a hanya, kuma yawan amp ɗin da ke bi ta wayar shine yawan asarar. A 5V in ka rasa bolt ɗaya ka rasa kashi ɗaya cikin biyar na abinda kake da shi, a 12V rasa bolt ɗaya ba wani abu bane. Zaka gane da idonka, ka saka fari, farkon tef fari tas, kana tafiya yana komawa ruwan ɗorawa, can ƙarshe ja ja, saboda bulu shi ya fi buƙatar bolt mai yawa don haka shi yake fara sarewa. Maganinsa shine ƙara wa tef ɗin wuta a tsakiya, wato ka ja wasu wayoyi biyu masu kauri daga fawa saflai ka shigar da fozitif da nagetif a wurare daban daban. WS2812B mai 60 a mita, rol ɗaya na mita 5 ma yana son a bashi wuta ta baki biyu in za'a kunna fari sosai, toh mita 15 ka lissafa sau nawa zaka tsaya ka yi solda a saman tsani. WS2815 rol na mita 5 yakan wadatu daga baki ɗaya, a naka aikin in ka bashi a farko da ƙarshe da kuma mahaɗar rol rol ɗin ka gama.

Amma kar ace WS2815 bashi da aibi. Yadda aka haɗa cikinsa, ko kala ɗaya ka kunna, ja kaɗai misali, kusan wutar fari yake ja, ragowar ta tafi a zafi. WS2812B kuwa in ja kaɗai ka kunna wajen kashi ɗaya cikin uku yake ci. Don haka mai aiki da batir ko fawa bank, ko ɗan ado na bayan talabijin ko teburi mai mita ɗaya ko biyu, WS2812B ya fi masa nesa ba kusa ba, ga shi 5V ɗin da tef ke ci shi ESP32 ma zai ci, fawa saflai ɗaya ya ishe su. Kuma WS2815 iyakarsa 13.5V ne a takardarsa, batirin mota in ana caji yana haura 14V, kar a jona kai tsaye.

Sai maganar mutuwar ƙwai, wadda ni a wajena ita ta yanke hukunci tunda rufi kace. WS2812B waya uku ne, 5V da data da GND (wato nagetif). In cif ɗin ƙwai na 200 ya mutu, daga nan zuwa na 900 duk sun ɗauke ko su kama hauka, sai ka hau ka yanke shi ka haɗa. WS2815 waya huɗu ne, akwai layin data na biyu da aka rubuta BI, kowane ƙwai yana sauraren na bayansa da kuma na bayan na bayansa, in ɗaya ya mutu sai data ta tsallake shi, ɗigo ɗaya ne kawai zai yi duhu. Sai in biyu a jere suka mutu sannan layin zai tsaya. Abin da yake sama inda rana da ruwa ke dukansa wannan ba ƙaramin sauƙi bane. Akwai WS2813 shima mai layi biyu amma 5V ne, matsalar amp tana nan.

Wani zai ce ga WS2811 ai shima 12V ne. Haka ne, sai dai a tef ɗinsa cif ɗaya yana riƙe da ƙwai uku uku, kala ɗaya suke yi tare kuma uku uku ake yankawa, daga nesa ba laifi amma motsin baya laushi kamar na ɗaya ɗaya, kuma bashi da layin ajiya. Irin na igiya masu kan harsashi, 50 a igiya, su kowanne da cif ɗinsa, amma suna zuwa a 5V da 12V duka kuma kamarsu ɗaya, sai ka karanta jiki.

Yanzu jonawa. A duka biyun nagetif na fawa saflai da GND na tef da GND na ESP32 dole su haɗu wuri ɗaya, dole ne wannan, yawancin masu cewa fitilata tana ƙiftawa tana kaloli barkatai nan ne matsalarsu, sun ba kwantirola wuta ta USB sun ba tef ta wani wurin sun ja wayar data kaɗai. A WS2812B fozitif ɗin 5V yana zuwa tef yana zuwa fin ɗin 5V ko VIN na ESP32, amma kar wutar tef ta bi ta cikin allon ESP32, kowa ya sha daga fawa saflai kai tsaye. A WS2815 12V tef kaɗai yake zuwa, ESP32 sai ka saka masa ɗan bok kwanbata mai sauke 12V zuwa 5V, in irin mai dunƙulen juyawa ne ka saita shi da mitar awon wuta kafin ka jona allon, don wasu suna zuwa suna fitar da fiye da 5V. Wayar BI ta ƙwai na farko kuma a GND ake ɗaure ta, kar a barta tana lilo. Kuma 12V in ya taɓa layin data ko ya shiga tef mai 5V ko na ƙiftawar ido ne an yi asara, ka kula sosai wajen solda don a WS2815 wuraren huɗun suna kusa da juna.

Ƙananan kaya guda uku da ake sakawa, su ma kusan ɗaya ne a duka. Resista 330 zuwa 470 ohm a kan wayar data. Kafasita 1000µF tsakanin fozitif da nagetif a bakin tef, tana da fuska kar a juya ta, kuma a 12V ka nemi mai 25V ko aƙalla 16V. Na uku shine mai ɗaga siginal, 74AHCT125. ESP32 3.3V yake fitarwa, shi kuma WS2812B a 5V yana son ya ga wajen 3.5V kafin ya yarda an ce masa ɗaya, kaga ana kan gaɓa kenan, shi ya sa wani zai ce nasa na aiki lafiya ba tare da shi ba wani kuma nasa na rawa. A kan tebur da gajeriyar waya sau da yawa yana wucewa, amma da wayar data ta yi tsawo sai ya fara. WS2815 ma duk da 12V yake ci datarsa ta 5V ce, don haka shima ka saka masa, kuma 5V zaka ba shi 74AHCT125 ɗin. Ka guji irin masu arhar nan na I2C masu kai da komowa, basu da saurin 800kHz yadda ya kamata. Kwantirola ya zauna kusa da ƙwai na farko iya yadda zai yiwu.

Fiyus kuma kar a raina shi, kowace wayar fozitif da ta fita daga fawa saflai a saka mata nata daidai kaurinta, don fawa saflai mai amp 15 zai iya narka siririyar waya in an samu shot shi ko a jikinsa. Ɓangaren da wutar gida ke shiga kuma a rufe shi a akwati a haɗa masa at, wato wayar ƙasa ta kariya.

Gwaji kuwa a ƙasa ake yinsa kafin a ɓare gam ɗin baya. Ka warware rol ɗin, kar ka kunna fari yana naɗe don zafi yake tarawa. Kafin wuta, saka mita a wajen ƙara ka taɓa fozitif da nagetif na tef, in ta yi ƙara bata daina ba akwai shot. Sannan ka auna fawa saflai shi kaɗai ka tabbatar abinda aka rubuta shi yake bayarwa. Kar ka yarda da kalar waya ido rufe, galibi ja fozitif kore data fari GND amma ba kullum ba, rubutun jikin tef shine gaskiya. Duk jonawa a yi ta wuta a kashe.

WLED zaka saka wa ESP32 ta burauza a install.wled.me da kebul na USB, in bai hau wayfay ɗinka ba zai buɗe nasa mai suna WLED-AP, fasuwod wled1234, adireshi 4.3.2.1. Da ka kunna in komai daidai ne zaka ga ƙwai 30 na farko sun kama ruwan lemo sauran shiru, kar hankalinka ya tashi, 30 aka saita masa tun asali. Ka shiga saitin LED ka saka adadinka, ka duba lambar GPIO, wato fin ɗin ESP32 da data ke fita, ta yi daidai da inda ka jona, nau'in WS281x ya ɗauke su duka biyun. Akwai kuma mai taƙaita haske da yake zuwa a 850mA, shi yake sa mutane su ce fitilar bata da haske, ka bar shi haka a gwajin farko don kariya ne, daga baya ka saka ƙarfin fawa saflai ɗinka ka rage kaɗan, ka kuma zaɓa masa 12mA in WS2815 ne ko 55mA in WS2812B.

Sai ka bi kala ɗaya ɗaya. Ja, kore, bulu. In ka danna ja ya baka kore toh jerin kala ne, su biyun GRB ne, WS2811 ne yakan zo da RGB ko wani jerin, canzawa kawai ake a saiti. Bayan nan fari, kana ƙara haske a hankali kana auna bolt a can ƙarshen tef. A WS2812B in ka ga ya doshi 4V wurin na son ƙarin wuta, a WS2815 kar ya sauka ƙasa da 10V. Ka barshi a farin na ɗan lokaci ka taɓa wayoyi da mahaɗai, duk wadda ta yi zafi ta yi siriri ko soldar bata kama ba. In hasken ya tsaya cak a wani wuri kuma adadin da ka saka daidai ne, ka zargi ƙwai na ƙarshe da ya kama ko na farkon da bai kama ba, ko soldar da ke tsakaninsu, musamman mahaɗar da kamfani ke yi duk rabin mita.

Abu ɗaya da babu wanda ya fi wani a cikinsu shine sauri. Kowane ƙwai yana cin 30µs na data, 900 a fin ɗaya 27ms kenan, wajen sau 37 a daƙiƙa, yana kalluwa amma in kana son gudu mai santsi ka raba biyu, 450 a fin ɗaya 450 a wani, ka ajiye kwantirola a tsakiya tef ɗin su tafi hagu da dama, 74AHCT125 ɗin ma ƙofa huɗu gare shi ya ishe ka, kuma WLED yana da wajen juya alkiblar ɓangare ɗaya don su bi juna. Tunda waje ne ka ɗauki IP67 mai rigar silikon, IP65 samansa kaɗai aka shafe, sannan duk inda ka yanka ko ka yi solda ka toshe da silikon marar warin tsami, mai warin yana cin jan ƙarfe. In ma ba dole sai 60 a mita ba, mai 30 a mita daga ƙasa yana kyau a rufi kuma duk lissafin nan na amp da data ya rabu biyu.