Wata biyar ina sayen ƙaguwa mai rai don mantis ɗina: da daɗi, da kuma ciwon kai

Shekara ɗaya da rabi ke nan ina kiwon mantis a tankin ruwan gishiri mai cin lita 120. Ga wanda bai san shi ba, wata halittar teku ce mai kama da jatan lande, sai dai hannayenta na gaba a naɗe suke kamar na ƙoƙi-ƙoƙi. Ire-irensa sun haura 400. Wasu sukan soki abinci, wasu kuma naushi suke yi. Nawa mai naushi ne, irin wanda masana ke kira Odontodactylus scyllarus, kore da ja da shuɗi kamar ɗawisu. A gida dai Gogan muke ce masa.

Tun da na kawo shi, daskararren jatan lande da naman kifi nake miƙa masa da dogon awartaki. Yana karɓa, yana ci, babu gardama. Amma sai na lura ya zama malalaci. Ya leƙo, ya fizge, ya koma rami, shi ke nan sai gobe. Masu kiwon da suka riga ni sun sha faɗa cewa irin wannan yana bukatar abu mai tauri da zai fasa da kansa, kamar dodon koɗi ko ƙaguwa. Da haka na faɗa hannun wani mai sayarwa a intanet, wanda ke tsinto ƙananan ƙaguwoyi a duwatsun bakin teku idan ruwa ya janye, ya aiko da su da ransu. Na yi rajistar guda goma duk wata. Yanzu aike biyar ke nan na karɓa, kuma ina ganin na isa in faɗi ra'ayina.

Wajen ɗauri ba ni da ta cewa. Akwati ne mai riƙe sanyi, an shimfiɗa jiƙaƙƙiyar ciyawar teku a ciki, ba a tsunduma su cikin ruwa ba, kuma hakan shi ne daidai ga ƙaguwar da ta saba zama a kan dutse. A aike biyar ɗin nan, uku kawai na tarar a mace. Ya iya wannan.

Ranar da na fara sakin ɗaya a tankin ba zan manta da ita ba. Ƙaguwar ta sauka kan yashi, ta ɗaga hannaye tana tafiyarta ta gefe. Idanun Gogan suka fara fitowa daga bakin rami, kowanne yana juyawa ta kansa, ɗaya na bin ƙaguwa, ɗaya kamar yana duba ni. Ya ɗauki kusan minti guda bai motsa ba. Daga nan ya sulalo a hankali, ya zagaya ta, sai na ji "ƙas!" Ban ga naushin ba, ƙararsa kawai na ji, sai ga hannun ƙaguwa ɗaya kwance a yashi. Ya sake, ɗayan hannun ya lalace. Sannan ya ja ta zuwa wani faffaɗan dutse a bakin raminsa, ya jingina ta, ya shiga dukan ɓawon kamar maƙeri a kan uwar maƙera. Bayan sa'a guda ya fara fito da ɓawo guntu-guntu yana watsarwa waje, mai gida na share ɗaki.

Ba laifin idona ba ne da ban ga naushin ba. A shekarar 2004 Sheila Patek da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun auna shi da kyamara mai saurin ɗauka, suka samu yana kaiwa mita 23 a sakan ɗaya, a cikin ruwa kuwa. Saurin yana sa kumfa ta taso tsakanin hannun da abin da ya doka, idan ta fashe ta sake dukan ɓawon. Wato duk naushi ɗaya, biyu ne ƙaguwa ke sha. Shi ya sa ba na tsoma hannu a tankin ko da wasa.

Tun daga ranar dabbar ta canza. Yana yawo, yana jan duwatsu, yana gyaran rami, idan na matso sai ya miƙe yana kallon hannuna. A wannan fannin kuɗina bai tafi a banza ba.

To, ga inda gizo ke saƙa. A shafinsa mai sayarwar ya rubuta cewa ƙaguwoyin a shirye suke, a buɗe akwati a jefa. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ita ce babban ƙorafina. A aike na biyu na juya wata don in duba cikinta, sai na ga wani kumburi mai santsi, ruwan ɗorawa, a ƙarƙashin murfin cikin. Da farko na ɗauka ƙwai ne. Ba ƙwai ba ne, domin ƙwan ƙaguwa ƙwaya-ƙwaya yake. Wata halitta ce da ake kira Sacculina, mai shiga jikin ƙaguwa ta baza saiwoyi a ciki, ta hana ta haihuwa. Na aika masa hoto. Amsarsa ita ce abin ba ya kama mantis. Wataƙila haka ne, amma ni abin da na fahimta shi ne ba ya duba kayansa kafin ya rufe akwati.

Na kuma tambaye shi a wane irin wuri yake tsinto su, kusa da tashar jiragen ruwa ne ko nesa. Sau biyu ina tambaya, sau biyu yana kewaye-kewaye. Tambayar ba ta neman magana ba ce. Fentin da ake shafa wa ƙasan jiragen ruwa yakan ƙunshi sinadarin jan ƙarfe, shi kuwa guba ne ga duk dangin jatan lande da ƙaguwa. Ga kuma maganin ƙwari da ruwan sama ke wankowa daga gonaki. Abin da ƙaguwa ta tara a jikinta, cikin mantis zai ƙare.

Girma ma bai tsaya a kan yarjejeniya ba. Na ce masa kada faɗin ɓawo ya wuce santimita 3. A aike na uku sai ga wasu biyu da suka kusa ninka haka. Laifina a nan shi ne na yi ganganci na saki ɗaya. Gogan ya kai mata duka biyu, ta tsere ta shige ƙarƙashin duwatsu, na ce ai gobe zai gama da ita. Washegari na tarar ya toshe bakin raminsa da ƙananan duwatsu da ɓawo, bai buɗe ba har dare. Gabana ya faɗi, don na san alamar: saɓa zai yi. Idan mantis ya tuɓe tsohon ɓawonsa, jikinsa laushi yake yi tuɓus na kwanaki, hannun naushin ma ba ya aiki. A wannan hali ƙaguwar da aka kawo a matsayin abinci ita ce za ta iya cinye shi. Haka na kwana ina ɗaga duwatsu ɗaya bayan ɗaya da awartaki, da 'yar tocila a baki, ina lallaɓawa kada in rushe masa rami. Sai wajen ƙarfe biyu na dare na kama ta. Bayan kwana shida ya buɗe ƙofa, launinsa sabo fil, ni kuwa na rame don fargaba.

Wani abin da ban yi tsammani ba shi ne ruwa. Naman awartaki ina ganin abin da ya ci da abin da ya bari. Ƙaguwa kuwa yakan ja saura cikin rami ya ɓoye. Sau ɗaya na auna na ga amoniya, gubar da ruɓaɓɓen abinci ke saki a ruwa, ta ɗaga, sai da na canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan.

Yanzu ga yadda nake yi. Na tanadi ƙaramin tanki mai lita 20 da matatar soso da murfi mai nauyi, don ƙaguwa gwanar hawa ce, ta taɓa bin siririn bututun da ke kai iska cikin ruwan ta fito na tsince ta a bayan kujera. Duk wadda ta iso sai na juya ta na duba ciki, sannan ta yi mako biyu a killace ina ba ta abinci mai kyau. Na zuba musu fasassun bututu da yawa, in ba haka ba junansu suke ci. Kada dai a ɗauka killacewa tana wanke komai. Akwai cutar farin tabo da ke kashe jatan lande a gonakin kiwo, kuma ƙaguwa na iya ɗauke da ita ba tare da ta nuna alama ba. Kasadar tana nan, raguwa kawai ta yi. Wadda ta yi girma da yawa kuwa firiza take shiga, daga baya in fasa in ba shi. Ba na sakin ko ɗaya a wani ruwa. Koriyar ƙaguwar Turai, Carcinus maenas, ta riga ta mamaye gaɓar Amurka da Ostireliya da Afirka ta Kudu, ba ni ne zan ƙara wata ba.

Shin zan ci gaba da saye a wurinsa? Na rage zuwa guda huɗu a wata, ɗaya duk mako, sauran kwanakin kuma awartaki da dodon koɗi. Wanda ba shi da tanki na biyu, ko ba ya iya gane alamar saɓa, ban ba shi shawarar ya yi rajista ba tukuna. Na sake aika wa mutumin tambayar inda yake tsinto su, karo na uku ke nan. Idan aike na shida ya iso babu amsa, zan soke rajistar in nemi wani.