Sharhi Kan Na'urar Ɗaga Ma'aikata Genie GS-1930

Ga mai gyaran fitilu ko wayoyin silin a cikin babban gini, wannan na'ura, wadda ƙarafunanta ke buɗewa kamar almakashi, ta fi tsani aminci nesa ba kusa ba. Da batir take aiki, tana ɗaga dandamalinta kusan mita 5.8, kuma tana ɗaukar kilo 227. Faɗinta bai kai mita ɗaya ba, shi ya sa take shiga ta ƙofar ɗaki. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙararrawar da ke gargaɗi idan na'urar ta karkata, domin ɗan gangare kaɗan kan iya kifar da ita idan tana sama. Sai dai sama kawai take miƙewa, ba ta kai mutum gefe, kuma ƙananan tayoyinta sai daɓe mai ƙwari.