Barkonon dutsen Tasmaniya: yajinsa a makare yake zuwa

Duk wanda ya sayi barkonon dutsen Tasmaniya don ya maye masa gurbin masoro, zai ɓata girkinsa. Ina amfani da 'yar kwalbar busassun 'ya'yansa, wadda aka rubuta sunansa na kimiyya, Tasmannia lanceolata, a jikinta, kuma ina son sa ƙwarai, amma sai an san halinsa.

A ido baƙi ne, a yamutse, ba ka raba shi da masoro. Ka tauna ƙwara ɗaya, abin da za ka fara ji ɗan zaƙi ne irin na 'ya'yan itace, da ƙamshin ɗanyen ganye, har ka ce ashe ba wani abu ba ne. Bayan 'yan daƙiƙoƙi sai yajin ya taso, ya kama harshe, ya gangara maƙogwaro, ya daɗe bai saki ba, har leɓe ya ɗan yi nauyi. Wani sinadari mai suna polygodial ne ke wannan aiki, ba irin wanda ke cikin barkono ko masoro ba. Wannan jinkirin shi ke rudar mai girki: ya ɗanɗana, ya ji shiru, ya ƙara.

Ni ƙwara biyu ko uku nake dakawa a ƙaramin turmi, in barbaɗa a kan gasasshen nama ko kifi bayan na sauke. Idan ya daɗe a wuta yajin guduwa yake yi, ƙamshin ma ya dushe, an yi asarar kuɗi ke nan. Yana kuma rina abinci. Na sa shi a farar miyar kirim, ta koma ruwan hoda mai sirkin shunayya. Ni launin ya burge ni, amma mai son miyarsa fara tas ya nemi garin ganyen itacen, shi ma ana sayar da shi, yana da yaji kuma ba ya rini haka.

Tsada kam akwai ta, sai dai ban ga laifin masu sayarwa ba. Ƙaramin itace ne mai jajayen rassa, ganyensa kore rani da damina, yana fitowa a tsaunuka masu sanyi da laima na Tasmaniya da Victoria da New South Wales a Ostireliya. Namiji daban, mace daban, macen kaɗai ke 'ya'ya, kuma da yawansu da hannu ake tsinko su a daji. Har Japan ake kai shi don ƙara wa wasabi, wato koren kayan yajinsu, ƙarfi.

Ƙorafina ɗaya ne: takardar jikin kwalbar ta cika da yabon ƙamshi, ba ta ce uffan ba a kan yawan da za a sa, ko a wane lokaci. Kayan yaji mai ƙarfi haka, kamata ya yi a rubuta wa sabon mai saye cewa ya fara da kaɗan, ya jira minti ɗaya kafin ya ƙara.